Hasumiyar Kakar Amina

Tun da muka dawo daga China, babu ranar da zan shiga ɗakin malamai wata ba ta jawo kujera ta matso kusa da ni ba. "Malama Binta, wai da gaske suna cin maciji?" "Wai Hajiya ta iya cin abinci da tsinke?" Na ba da labarin nan a makaranta, na ba da shi a gidan suna, har a layin asibiti na ba da shi. Sai na lura kullum a kan maciji da tsinke nake tsayawa, abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa in tsallake shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun daga farko, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Babban wanmu, Yaya Kabiru, karatun injiniya ya kai shi China. Da ya gama bai dawo ba, ya zauna a birnin Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta taɓa wahalar da bakinta da sunan garin ba, Gwanjo take ce masa. A can ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta ta ɗauki suna Amina, suka haifi 'ya mace aka sa mata sunan Hajiya, ana kiranta Ummi. Duk wannan a hoto muka gani. Da dogon hutun 1998 ya matso, sai ya aiko mana da tikiti, ni da Hajiya.

Muna cikin jirgi, Kano ba ta gama ɓacewa a ƙarƙashinmu ba, Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ke kika zo yawon buɗe ido. Ni ɗan'uwanki zan je in taho da shi. Malam ya rasu, gida ba babba, shi yana can yana yi wa mutane tafinta." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Na ce, "To Amina fa, Hajiya?" Ta ce, "Ni ɗana na sani."

Mun yada zango a Alƙahira, muka sake sauka a Bangkok, inda Hajiya ta ƙi hawa matakala mai tafiya da kanta, ta ce ita ba za ta taka abin da bai tsaya ya jira ta ba. Sai da muka zagaya muka nemo ta gargajiya. A Hong Kong Yaya ya tarye mu. Ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya gaishe ta. Ita kuwa takalminsa ta kalla, ta ce, "Ka rame," ta kawar da kai.

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa Guangzhou, a can ne kuma 'yan kwastan suka buɗe kayanmu. Kilishi dai ba a yi wata magana ba, aka ɗauke. Sai wani saurayin jami'i ya kwance ƙullin daddawa. Ya ja da baya, ya toshe hanci, ya ƙwala wa na gaba da shi kira. Na ce yau mun kwana a hannun hukuma. Wata dattijuwa mai kaki ta zo ta ɗauki guda ta shinshina, ta gutsura ta ɗanɗana, sai ta fashe da dariya. Yaya ya ce cewa take su ma suna da irinta, da wake suke yi, tasu ma ta fi wari. Ta ƙulle mana abinmu da hannunta. Hajiya ta ce, "Wannan ta san miya."

Garin ya cika da babura kamar Kano, sai dai gine-gine na ta tashi ko'ina, an kewaye su da gora maimakon ƙarfe. Zafi ne mai ɗanko, kana fitowa daga wanka kana neman wani. Gidan Yaya a can saman bene yake, ba na'urar hawa, Hajiya na hawa tana hutawa tana salati. Da ƙofa ta buɗe sai ga Amina, 'yar siririya, da atamfa da ɗankwali ya zame mata gefe guda. Ta zube har ƙasa.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya mutan gida?"

Daga ji ka san ta daɗe tana bitar kalmomin nan. Hajiya ta ce, "Lafiya," ta wuce ta ɗauki Ummi. Yarinyar ta tsala ihu, amma kafin la'asar tana kan cinyarta tana wasa da carbi. Takwara dai ta samu shiga. Uwarta kuwa sai ta bakin wani: "Binta, ce mata ta rage gishiri." Alhali Amina na tsaye a gabanta.

Abinci bai ba mu wahalar da muka zata ba. A unguwar Sanyuanli akwai Musulmin yammacin ƙasar masu gasa burodi kamar gurasa da tsiren rago, har da yaji. Ni ce ma na kunyata mu. A wani gidan abinci aka kawo shayi a buta da wata tasa, na tsiyaya na kurɓa, sai na ga na teburin kusa suna ƙunshe dariya. Ashe shayin farko na ɗauraye kwanuka ne. Haka kuma in an zuba maka shayi ba ka cewa komai, yatsu biyu za ka ƙwanƙwasa a tebur, godiyar ke nan. Hajiya ta ce mutanen da ke godiya da yatsa ba su san daɗin baki ba. Ranar Juma'a Yaya ya kai mu tsohon masallacinsu mai hasumiya kamar kyandir, muka kuma ziyarci kabarin da suke cewa na wani sahabi ne. Hajiya ta daɗe tana addu'a. Da muka fito ta ce, "Ashe dai ba daji ba ne."

Yaya ya san tarihi nake koyarwa, don haka ya ɗauki hutu ya shirya mana zagayen kangaye. Muka fara da wata tsohuwar ganuwar yaƙi a Humen, bakin kogin da ke shiga teku, inda mutanen ƙasar suka gwabza da Turawan Ingila a kan cinikin banju, wata ƙwayar maye. Bango ne mai kaurin gaske, ciyawa ta fito a tsatstsagensa, ga manyan igwa sun yi tsatsa suna kallon ruwa. Na tuna badalarmu ta Kano da ake ta haƙa ana yin bulo da ƙasarta, raina ya sosu. Hajiya ba ruwanta da wannan, ta samu gindin wata igwa ta zauna tana fifita. Kafin mu zagayo an yi layi a gabanta, kowa na son hoto da ita. Wata mata ta kama hannunta ta ga lalle, ta zaci ƙuna ce, ta buɗe jaka ta ciro man shafawa. Amina ce ta yi mata bayani, matar ta yi ta ba da haƙuri, ta bar wa Hajiya man duk da haka.

Zango na biyu shi ne Kaiping, garin su Amina. Motar haya muka shiga, da kaji a kwando a bayanmu da fim ɗin faɗa a talabijin a gaba. A garin muka sauka a wani ƙaramin masauki. Gadon katako ne da tabarmar gora, sai fulas ɗin ruwan zafi. Mai masaukin kalma ɗaya ya riƙe, "meyo", wato babu. Fanka? Meyo. Buta? Meyo. Hajiya ta raɗa masa Malam Meyo, shi kuma da ya ji sai ya washe baki.

Da safe wani babur mai ƙafa uku ya kwashe mu zuwa ƙauyen. Muna fita gari sai gonakin shinkafa kore shar, a tsakiyarsu kuma hasumiyoyi tsaye, nan ɗaya can biyu, dogaye, baƙi-baƙi saboda ruwan sama. Ƙasansu kamar kurkuku, ƙananan tagogi da ƙyauren ƙarfe. Samansu kuwa ado ne iya ado, wata da ƙubba kamar masallaci, wata da ginshiƙai irin na Turawa. Yaya ya ce mazan yankin ne da suka tafi ci-rani ƙetaren teku suka riƙa aiko da abin da aka gina su, don iyalinsu su tsira daga 'yan fashi da ambaliya. Yawancinsu yanzu ba kowa ciki sai jemagu.

Kakar Amina, wadda suke kira Apo, tana tsaye a bakin hanya tana jiranmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ranƙwafa, da baƙar riga da wando da malfar gora. Ita ta raini Amina, don iyayenta sun rasu tun tana ƙarama. Ta ɗaga kai ta kalli Hajiya, Hajiya ta sunkuyo ta kalle ta. Sai Apo ta kama hannunta ta ja ta ciki kamar sun saba.

Magana tsakaninsu doguwar hanya take bi. Apo yaren ƙauyensu kaɗai take ji, wanda ko Yaya ba ya ganewa. Sai ta faɗa wa Amina, Amina ta juya wa Yaya da Sinancin birni, Yaya ya juya mana da Hausa. Abu na farko da ya iso ta wannan hanya shi ne a kwantar da hankali a ci abinci. Apo ta ja Hajiya madafa ta nuna mata sabuwar tukunya da sababbin kwanuka, takardar kanti ma ba a ɓanɓare ba. Ta ji ba ma cin alade, shi ne ta tafi kasuwa da ƙafa ta sayo waɗanda bai taɓa shiga ba. Kifi ta dafa mana da citta, da shinkafar gonarta, da ganye. Hajiya ta wanke hannu ta ci da hannunta, ta kuma ƙara.

Bayan azahar Apo ta ciro wani ƙaton mabuɗi ta ce mu zo mu ga gidan mijinta. Hasumiyar na bayan ƙauyen. Wata bishiya ta tsiro a jikin bangon, saiwoyinta sun tsaga shi tun daga sama. Sai da Yaya ya sa kafaɗa ƙofar ta buɗe. Ciki duhu da warin jemage, matakalar ta karye a wurare. Na ce Hajiya ta jira a ƙasa, ta ce tsohuwar da ta girme ta za ta hau, ita ta zauna? Haka muka bi bango muka hau.

A hawa na tsakiya akwai ɗaki guda da aka share tas. Gado ne na katako mai sassaƙa, da madubi da ya dushe, da agogon bango da ya tsaya, da wani akwatin ƙarfe. A bango hoton wani saurayi ne da kwat da hular Turawa. Apo ta goge hoton da hannun rigarta, ta fara magana.

Ta ce surukinta ne ya gina hasumiyar. Mijinta ya dawo daga ƙetare aka ɗaura musu aure, ya zauna 'yan watanni, ya koma ya bar ta da ciki. Ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Sai yaƙi ya zo, bayan yaƙi aka rufe hanya. Uwar mijin ta ce mata, ke ce mai tsaron gida har ya dawo. Ta tsare. Ta yi jinyar uwar mijin ta binne ta, ta raini ɗa ta binne shi. Daga baya wani da ya dawo ya ce ya gan shi a can da mata da 'ya'ya, ya tsufa, yana da wurin wanki da guga.

Hajiya ta ce, "Tambaye ta, ba ta yi fushi ba?"

Amsa ta zagayo: ta yi, shekara da shekaru. Yanzu ta gaji, shara kawai take zuwa yi.

Sai Apo ta juyo ta fuskanci Hajiya sosai, ta yi wata magana gajera. Amina ta sunkuyar da kai ba ta juya maganar ba. Tsohuwar ta daka mata tsawa. Amina ta faɗa wa Yaya a hankali, hawaye na zubo mata. Yaya ya kawar da kai yana kallon taga.

Hajiya ta ce, "Me ta ce?"

"Ba komai, Hajiya. Maganar tsofaffi ce."

"Ni ma tsohuwar ce. Faɗa mini."

Ya juyo ya dube ta. "Ta ce ta san abin da ya kawo ki, don ita ma uwa ce. Ta ce ɗanki naki ne, ba ta da bakin hana ki. Abu ɗaya take roƙo. In za ki tafi da shi, ki haɗa da yarinyar nan da 'yarta. Kada a bar ta tana tsaron gida."

Na ce, "Ita kuma fa? Wa zai zauna da ita?"

Da tambayar ta isa, Apo ta yi dariya, bakin ba haƙori ko ɗaya. Ta ce ita ta iya zama ita kaɗai, ta ƙware. Abin da ba ta so shi ne Amina ma ta koya.

Hajiya ta gyara mayafinta. Ta juya ta fara sauka, muka bi ta.

A hanyar komawa hadari ya taso, irin nasu da ba ya sallama. Kusa da mu akwai kangon wani tsohon gidan ibada a gindin tudu, inda aka ce a dā masu bautarsu ke zama, sun aske kai, ba aure ba iyali. Rufin ya rufta, gumakan ciki duk ba kawuna, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gidan. Da za mu wuce da farko Hajiya ta ce ko inuwarsa ba za ta taka ba. Da ruwa ya kece kuwa ita ta riga kowa shiga zauren. Ni garin gudu santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin gonar shinkafa, takalmina ɗaya har yau yana can.

Muka jeru a zauren, ruwa na zuba ta ɓarakar rufi. Apo na rawar sanyi. Hajiya ta cire mayafinta na sama ta yafa mata, ta gyara mata shi a wuya. Can sai na ji ta ce, "Amina."

Duk muka juya. Tun zuwanmu ba ta taɓa kiran sunan ba.

"Na'am, Hajiya."

"In ba ta da lafiya, wa ke dafa mata?"

Amina ta lalubo Hausarta. "Maƙwabta, kaɗan. Ni ina zuwa, wata-wata. Shi yana kawo ni. Yana gyara rufi, yana ɗebo ruwa."

Hajiya ta dubi Yaya, wannan karon a fuska. "Kai ke ɗebo mata ruwa?"

"Eh, Hajiya."

"A gida ko tulu ba ka taɓa ɗagawa ba."

Muka yi dariya, har Apo da ba ta san abin da aka ce ba. Hajiya ta bari muka gama, sannan ta ce, "To ka ji. Na zo da niyyar ba zan koma ba sai da kai. Allah ya sani. Amma ba zan raba tsohuwar nan da abin da ya rage mata ba, ba zan iya tsayawa gaban Allah da wannan ba. Ka zauna muddin tana raye. Sai dai duk babbar Sallah ina son ganinku a Kano, ku ukun. Ranar da kuma za ka dawo gaba ɗaya, ƙafarka ƙafar matarka. Faɗa mata haka, kada ka rage komai."

Maganar ta bi hanyarta, daga Yaya zuwa Amina, daga Amina zuwa Apo. Amina na faɗa tana kuka, sai da ta maimaita. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai kama hannun Hajiya ta riƙe da hannu biyu, haka suka zauna har ruwa ya tsagaita.

Sauran kwanakinmu a Guangzhou a madafa suka ƙare. Hajiya ta koya wa Amina tuƙa tuwo da kaɗa kuka, da faɗa da komai, irin faɗan da take yi mana. "Ba haka ba! Riƙe muciyar da ƙarfi, ba alƙalami ba ce." Amina ta fito tana gumi tana murmushi, ta ce mini, "Anti Binta, yau Hajiya ta zage ni sau da yawa." Na ce, "To kin zama 'yar gida."

A tashar jirgin ƙasa Yaya ya durƙusa yin sallama. Hajiya ta ɗora hannu a kansa, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta shige ba ta waiwaya ba. Sai da jirgi ya fita gari ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska, ni kuma na yi kamar ina kallon gonaki.

Washegarin isowarmu gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ana ta raba tsaraba, sai Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta san da wace niyya aka tafi, ta leƙa bayan Hajiya kamar mai neman wani abu.

"To Hajiya, ina ɗan naki? Ba cewa kika yi tare za ku dawo ba?"

Hajiya ta ɓare goro, ta miƙa mata rabi.

"Yana nan zuwa da Sallah, shi da iyalinsa," in ji ta. "Wata baiwar Allah na tarar a can, ta fi ni buƙatarsa. Aro na ba ta."